Ƙaurin Roba a Cikin Mota: Gargaɗin da Kan Riga Asara Isowa

A cikin jarin ɗan kasuwan Nijeriya, da wuya a sami abin da ya kai mota cin kuɗi, da wuya kuma a sami abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. Tumatirin da ake lodinsa a Kura da Kadawa ta Jihar Kano sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin ya isa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Goron da ake ɗaurewa a Shagamu, da shanun da ake saukewa a Badun da Lokpanta, da dilolin kayan da ke fitowa daga Anaca, dukkansu a bisa taya suke tafiya, kuma kowace tafiya ta dogara ne a kan waɗansu 'yan abubuwa na roba waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da darajar kayan da aka ɗauko. Idan ɗaya daga cikin abubuwan nan ya soma lalacewa, sau da yawa hanci ne ke fara sani, tun kafin wata fitila ta kama a gaban direba. Saboda haka ya kamata mai mota da direbansa su san yadda ake bin diddigin ƙaurin roba, da abin da za a yi idan an gano asalinsa, da kuma abin da sakaci da shi kan jawo wa aljihu.

Yadda aka iso nan

Akwai lokacin da akasarin motocin da ke bisa hanyoyin ƙasar nan sababbi ne. Kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen ma ya soma nasa a Legas a shekarar, sannan aka kafa masana'antun manyan motoci a Inugu da Bauci da Badun da Kano. Amma tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP kuma darajar Naira ta soma zubewa, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Daga nan kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda a kudu ake kira tokumbo, a arewa kuma ake ce musu Beljiyam ko 'yan Kwatano. Irin wannan mota takan iso ne da shekarunta, kuma roba ba ta jure shekaru kamar yadda ƙarfe ke yi. Injin yana iya zama lafiya lau, alhali tiyon ruwa ya bushe, fambel ya siɗe, rigar wayoyin wuta kuma ta soma tsattsagewa.

Haka kuma ƙasar ta rasa masana'antunta na taya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, bisa dalilan da suka haɗa da tsadar samar da wutar lantarki da kwararowar tayoyi masu araha daga waje. Abin mamaki shi ne har yanzu ana noman itacen roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba da Ondo, akwai kuma cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da birnin Benin, amma ɗanyar robar waje take tafiya, ta dawo a matsayin taya da fambel da tiyo, a saye su da kuɗin ƙasashen waje. Abin da ya tabbata shi ne bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekarar, farashin kayan gyara ya hau ƙwarai, har masu motoci da yawa suka koma jinkirta gyaran da ya wajaba.

Abin da ke ƙonewa

Ɗanyar roba ba ta da amfani a mota, domin takan yi danƙo da zafi, ta daskare da sanyi. Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa ta da farar wuta takan yi ƙarfi ta kuma jure zafi. Wannan farar wutar da sauran sinadaran da ake cuɗawa da ita su ke ba ƙonanniyar roba warinta mai shaƙe maƙogwaro. A cikin mota akwai roba a taya, da fambel, da tiyon ruwa da na mai da na birki, da matashin da inji ke zaune a kai, da gasket iri-iri. Akwai kuma abubuwan da ba roba ba ne tsantsa amma ƙaurinsu ya yi kama da nata, wato faifan kuloci, da takalman birki, da rigar wayoyin wuta, da baƙin mai idan ya ɗiga a kan salansa.

Hanyoyi uku ne zafi kan bi ya ci waɗannan abubuwa. Ko dai gogayya ta yi yawa, kamar fambel mai sulɓewa ko birkin da ya maƙale, ko kuma wani abu ya taɓa ƙarfe mai zafi, ko wutar lantarki ta bi ta inda bai kamata ba. Ruwan da ke sanyaya inji yakan tsaya ne a wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma an yi tiyonsa domin ya jure haka. Amma bututun da hayaƙi ke fitowa daga inji yakan kai digiri ɗari-ɗari da yawa, babu kuwa robar mota da za ta jingina da shi ta kwana lafiya.

Matakin farko

Da zarar an ji ƙauri, abin da ya kamata direba ya yi shi ne ya dubi ma'aunin zafin inji da fitilar batir da ta birki, ya ratse gefen hanya inda babu busasshiyar ciyawa, ya kashe inji, ya sauke fasinjoji. Idan babu hayaƙi, sai a dakata 'yan mintoci kafin a buɗe murfin inji. Idan kuwa hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin murfin, kuskure ne babba a wangale shi, domin iskar da za ta shiga ita ce za ta hura wutar. Sai a ɗan sassauta murfin a fesa tukunyar kashe gobara ta 'yar kafar. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, domin fetur yakan hau kan ruwa ya bazu. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, take tilasta wa kowace mota ɗaukar tukunyar kashe gobara. Ba a kuma buɗe marfin lagireto yana da zafi, domin ruwan yana cikin matsi, kuma da an sassauta marfin zai tafasa nan take ya yi tsartuwa a fuska.

Bayan nan sai tambayoyi biyu waɗanda kan rage wa makanike rabin aikinsa, su kuma rage wa mai mota rabin kuɗinsa. A wane lokaci ƙaurin ke zuwa, kuma daga wane ɓangare? Ƙaurin da ke zuwa da ƙara mai tsini idan an tayar da mota ko an kunna na'urar sanyi yana nuni ga fambel. Wanda ke zuwa bayan hawan tudu da kaya ko cikin cunkoso yana nuni ga kuloci. Wanda ke zuwa bayan gangara, ko ya fi ƙarfi a kusa da taya ɗaya, na birki ne ko boris. Wanda ke ƙaruwa idan mota ta tsaya inji na aiki yawanci mai ne ke ɗiga a kan salansa. Wanda kuma ya zo daidai lokacin da aka kunna fitila ko rediyo ko fanka, a cikin wayoyi za a neme shi.

Fambel da tiyo

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 suna da fambel dabam-dabam, kowane da aikinsa. Motocin baya-bayan nan kuwa akasari fambel ɗaya ne dogo ke zagaya injin cajin batir, da famfon sitiyari, da na'urar sanyi, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Idan ya yi sako-sako, ko mai ya jiƙa shi, ko ɗaya daga cikin ƙafafun da yake juyawa ta ƙage, sai ya riƙa sulɓewa yana gogar ƙarfe har ya ɗau zafi. Alamarsa ita ce baƙin gari a kewayen wurin, da sheƙi a cikin fambel ɗin kamar an goge shi. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. A kashe inji, a cire fambel, a juya kowace ƙafa da hannu in ban da ta inji kanta. Wadda ta ƙi juyawa, ko take gurnani, ko take girgiɗi, ita ce mai laifi, kuma idan aka sa sabon fambel ba a gyara ta ba, shi ma zai ƙone cikin 'yan kwanaki.

Wani abin lura shi ne fambel na zamani ana yin sa ne da wata irin roba mai suna EPDM wadda ba ta cika tsattsagewa ba kamar ta da. Yakan kai kilomita 100,000 ko fiye, amma cinyewa yake yi a hankali kamar taya, don haka rashin ganin tsaga ba shaida ba ce ta lafiyarsa. Al'adar shafa masa sabulu ko kyandir don ya yi shiru ba ta maganin komai. Idan ya tsinke a kan hanya, caji zai tsaya, sitiyari zai yi nauyi, a motar da famfon ruwanta ya dogara da shi kuma inji zai yi zafi cikin mintoci kaɗan. Direban da ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba yana iya ƙona gasket ya lanƙwasa kan inji, ya mayar da gyaran sa'a guda ya zama na makonni.

Tiyo kuwa yawanci 'yar maƙalar da ke riƙe shi ce kan karye, ko kuma a manta da ita bayan wani gyara, sai ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ko ya riƙa gogar fambel. Za a ga wurin ya narke ko ya yi ƙyalli. Irin wannan tiyo sauya shi ake yi, a kuma ɗaure sabon nesa da zafi. Naɗe shi da tsohon tub dabara ce ta isa gareji kawai. Idan tiyon na fetur ne, motar ba ta sake motsawa sai an gyara.

Baƙin mai a kan salansa

Gasket ɗin murfin saman inji na roba ne, kuma shekaru kan busar da shi. Idan ya soma yoyo, man yakan gangara ya sauka a kan bututun hayaƙi, ya ƙone, ya ba da siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Kafar da mota ke shaƙar iska zuwa ciki tana gindin gilashin gaba ne, shi ya sa ƙaurin ke cika mota idan an tsaya a cunkoso. Haka ma idan robar da ke rufe gaɓar shaf ta gaba ta yage, giris yakan fantsama kan salansa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe za a ga inda ɗigon yake da kuma launinsa. Idan ƙaurin ya biyo bayan juyen mai ne, mai yiwuwa ɗan abin da ya zube ne, kuma zai gushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya wuce haka, akwai yoyo. Illarsa biyu ce, domin mai na raguwa a inji, kuma man da ya taru a kan ƙarfe mai zafi yana iya kamawa da wuta.

Kuloci

Faifan kuloci aikinsa gogayya ne na ɗan lokaci, daga tashi zuwa kamawa. Direban da ke ɗora ƙafa a kansa yana tafiya, ko yake riƙe mota da shi a kan tudu maimakon hambirki, ko yake tashi da giya ta biyu da kaya niƙi-niƙi, yana tsawaita gogayyar har faifan ya soma toyewa. Cunkoson hanyar Apapa da na Oshodi da na gadar Anaca sun ci faifan kuloci ba adadi. Gwajinsa shi ne a sa babbar giya a bisa miƙaƙƙiyar hanya a taka totur. Idan inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru daidai da haka ba, faifan ya soma sulɓewa. Ƙauri na sau ɗaya bayan wani mawuyacin hawa ba lalle ne ya kashe kuloci ba, amma wanda ke maimaituwa alama ce ta ƙarewa.

A nan akwai lissafin da ya kamata mai mota ya sani. Babban ɓangaren wahalar aikin shi ne sauke akwatin giya da mayar da shi. Saboda haka ya fi araha a sauya faifan da murfinsa da boris ɗinsa a lokaci ɗaya, da a sauya faifan kaɗai a dawo bayan 'yan watanni a sake biyan kuɗin saukewa. A motar da ke sauya giya da kanta, abin dubawa shi ne man giya, wanda a yawancin motoci ja ne. Idan ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, akwatin giyar na shan zafi.

Birki

Birki aikinsa shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi, kuma zafin ba kaɗan ba ne. Babbar mota mai nauyin tan 30 da ta sauko gangarar da zurfinta ya kai mita 100 tana da zafin da ya isa ya kai lita 90 na ruwa ga tafasa, kuma idan direba bai bar inji ya taimaka ba, birki ne kaɗai zai shanye shi. A miƙaƙƙiyar hanya ma, idan gudu ya ninka sau biyu, zafin tsayawa yakan ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos da ta Ugwu Onyeama a kusa da Inugu suka yi ƙaurin suna.

Idan takalman birki suka yi zafi fiye da kima, kamunsu yakan ragu. Man birki kuma yana da iyaka. Mai lambar DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma man yana tsotsar laima daga iska, kuma idan ya tsufa iyakar takan faɗo zuwa wajen digiri 140 da 155. Da ya tafasa, sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu kamu. Don haka ne masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye shi duk bayan shekara biyu, shawarar da ta fi muhimmanci a garuruwa masu laima irin su Legas da Fatakwal. Maganin gangara shi ne a sa ƙaramar giya tun daga sama. Al'adar sakin mota ba giya don tsimin mai ba ta da riba a motocin zamani, domin na'urarsu takan yanke mai da kanta idan mota na gangarawa cikin giya ba a taka totur ba. A babbar mota mai birkin iska kuwa, kashe inji a gangara daidai yake da kashe famfon da ke cika tankin birkin. Gobarar da ta tashi a gadar Otedola ta Legas ranar 28 ga Yuni, 2018, inda tankar fetur ta ƙone motoci sama da 50 kuma aƙalla mutum 9 suka rasu, rahotannin lokacin sun danganta ta da shanyewar birki.

Idan ba a gangara ba ne, sai a fara da hambirki, domin sau da yawa mantawa aka yi ba a sauke shi duka ba. In ba shi ba ne, a kusantar da hannu ga kowace ƙafa ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran huci, birkinta ya maƙale ko boris ɗinta ya bushe, kuma sau da yawa motar takan riƙa karkata zuwa wannan gefen. A ɗaga ta da jak a juya tayar don tabbatarwa. Kada a watsa wa faifan birki mai zafi ruwa, domin yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Sababbin takalman birki ma sukan yi ɗan ƙauri a kwanakin farko, wannan ba abin damuwa ba ne muddin ya gushe.

Taya

Tayar da iskarta ta yi ƙasa, ko aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, gefenta yakan riƙa lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasawar nan kuma zafi take haifarwa har zaren ciki ya rabu da roba ta fashe. A manyan motoci masu taya biyu a jere, ƙarancin iska kan sa su riƙa gogar juna. Haka kuma idan sifirin ya kwanta saboda lodi, ko aka sa tayar da ta fi ma'aunin motar, sai ta riƙa cin madigadi, kuma za a ga sawun gogar a jikinta. Ana auna iska ne da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Shekarun taya a rubuce suke a gefenta. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana jan hankalin jama'a kada su yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan, in ban da wasu na manyan motoci da ake sabuntawa, amma hakan bai hana ganinsu a kasuwa ba.

Wayoyi da leda

Mafi haɗarin ƙauri shi ne na wayoyin wuta. An yi fiyus ne domin ya ƙone shi kaɗai idan wuta ta yi yawa, ya ceci sauran motar. Idan mai wayarin ya maye gurbinsa da zaren waya ko ya sa wanda ya fi ƙarfin layin, sai wayar kanta ta zama ita ce za ta ƙone, a cikin dashbod inda ido ba ya gani. Ƙarin fitilu da ƙaho da lasifika da ake jonawa kai tsaye daga batir ba tare da fiyus ba, da ɓarnar ɓera, da shiga ambaliya, duk suna jawo haka. Fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa sanarwa yake yi cewa akwai inda wayoyi ke haɗuwa. Idan an ji irin wannan ƙauri, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, kada a sake tayarwa sai an gano wurin.

Mafi arahar ƙauri kuwa shi ne na leda. Ledar ruwa da ta cefane sun cika titunan biranenmu, kuma idan ɗaya ta manne a jikin salansa takan narke ta yi kwanaki tana wari. A leƙa ƙarƙashin mota, idan an gan ta a bari salansa ya huce a kankare. Dubawar minti biyu kan hana mutum biyan kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

Kasuwar kayan gyara

Gano cutar rabin aiki ne, sauran rabin yana kasuwa. Ko a Ladipo ta Legas, ko Nkwo ta Nnewi, ko Agodi Gate ta Badun, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, mai saye yakan tarar da fambel iri uku ko huɗu masu kama ɗaya da farashi mabambanta. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi bayanin irin wannan kasuwa tun a 1970, kuma da motocin hannu ya ba da misali. Idan mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin nagari ba don tsoron a ba shi jabu, shi kuma mai nagarin ba zai sayar da asara ba, sai a wayi gari jabu ya kori nagari daga kasuwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, wadda aka kafa a 1971, tana kamen jabun kaya, amma faɗin kasuwar ya sa ɗan kasuwa ba zai jingina da wannan kaɗai ba.

Kariyar da ta fi amfani ita ce wadda 'yan kasuwa suka riga suka sani a harkarsu, wato amana da maimaita ciniki. A tsayar da dila ɗaya wanda ke da shago da suna da zai ji tsoron ɓatawa, a riƙa karɓar rasiɗi, a saya da lambar kayan, a kuma nemi makanike ya dawo da tsohon da ya cire. Kayan ƙarfe na hannu, irin su injin caji ko akwatin giya, suna iya zama ciniki mai kyau. Amma kayan roba na hannu, fambel ne ko tiyo ko taya, sun riga sun ci shekarunsu a wata ƙasa, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Lissafin riba da asara

Kuɗin gyara shi ne ƙaramin ɓangare na asarar lalacewar mota. Motar hayar da ta yi mako uku a gareji saboda kan inji ta rasa balas na kwana 18 na aiki, alhali albashin direba da bashin banki ba su tsaya ba. Motar da ta tsaya da kwandunan tumatir a tsakanin Jebba da Ilori tana asarar darajar kayanta sa'a bayan sa'a, ga kuɗin ja, ga kuɗin juye kaya zuwa wata motar, ga abokin ciniki da zai nemi wani. Ya kamata kuma a sani cewa inshorar da doka ta wajabta, wadda Hukumar Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 ga motocin gida tun daga 1 ga Janairu, 2023, ɓarnar da mota ta yi wa wasu kaɗai take biya. Idan motar ta ƙone, mai ita ba ya samun ko kwabo sai in ya sayi inshorar da ta haɗa da gobara, kayan da ke ciki kuma suna da tasu inshorar dabam.

Akwai kuma matsalar da ta shafi yadda ake biyan direba. Wanda aka ɗora wa balas na kullum, ko ake cire masa kuɗi idan ya makara, yana da dalilin ɓoye ƙauri ya ci gaba da tafiya, domin ribar isa da wuri tasa ce, asarar inji kuwa ta mai mota ce. Mai motar da ke son a riƙa gaya masa gaskiya sai ya tabbatar wa direbansa cewa tsayawa saboda ƙauri ba za ta jawo masa tara ba, ya kuma ba shi ikon kashe ɗan kuɗi a hanya ba tare da jiran izini ba. Ya ajiye littafi ga kowace mota inda za a riƙa rubuta rana da kilomitar da aka sauya fambel da man birki da taya, ya sa a riƙa duba mai da ruwa da iska da tiyo kowace safiya kafin a yi lodi, ya kuma tabbatar akwai fambel na ko-ta-kwana da 'yan fiyus da tukunyar kashe gobara mai aiki a cikin kowace motar da za ta yi doguwar tafiya.